Taɓon Iwik da tsuntsun da ya zo daga Saberiya

Ɗan yayata ne ya ja ni. Shekararsa biyu yana karatun halittun teku, kuma duk sanda na tambaye shi abin da yake yi takamaimai, sai ya ce, "Kawu, taɓo nake tacewa." Na ɗauka rainin wayo ne irin na yaran yanzu. Da ya samu shiga ayarin masu bincike da za su yi aikin hunturu a gaɓar tekun Muritaniya, sai ya ce in dai ban yarda ba, in same shi a Nuwakshot cikin Janairu. Gani ya kori ji. Na haɗa jaka.

Abin da ya fara nuna mini a Nuwakshot bango ne. Ya tsayar da ni gaban wani gini da ba a yi wa filasta ba, ya ce in duba bulon da kyau. Cike yake da kumba, farare, wasu a fashe wasu lafiya lau. Garin ba shi da dutse kusa, don haka kumbar da ake haƙowa a bayan gari ita ce tsakuwarsu, da ita ake kwaɓa kankare. Na tambaye shi me ya kai kumba cikin hamada. Ya ce shekaru sama da 5,000 da suka wuce teku ya shigo can cikin ƙasa ya kwanta a inda garin yake yanzu, daga baya ya koma ya bar kayansa. Masana duwatsu da ƙasa ma da sunan Nuwakshot suke kiran wannan zamanin. Nan na fara zargin cewa yaron nan ba wasa yake yi da kuɗin makaranta ba.

Daga Nuwakshot zuwa Nuwadibu kilomita 470 ne ko kusa da haka, titi ɗaya tilo. Kafin a shimfiɗa shi, motoci bakin teku suke bi, su jira ruwa ya janye su ruga a kan jiƙaƙƙen yashi. Mun bi kwalta har wajen Shami, muka saki titi muka yi yamma. Direba ya sauko ya rage iskar tayoyi. Bayan awa guda ya ga wani fili sumul, fari fat, ya ce ga yanke. Ashe fadamar gishiri ce, sama a bushe, ƙasa kamar kunu. Motar ta nutse har gindi. Muka yi ta haƙa da tura faranti ƙarƙashin taya tun azahar har rana ta yi ja. Ba zan ƙara cewa komai a kan wannan direban ba, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Da dare muka shiga Iwik. Ƙauye ne na 'yan bukkokin katako da kwano a bakin ruwa, gefe guda kuma ga tashar masu bincike. Yana cikin gandun Bank Dargin, wanda gwamnatin Muritaniya ta keɓe a 1976 bayan wani Bafaranshe masanin hamada, Theodore Monod, ya daɗe yana naci. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1989. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi yashi rabi ruwa. Ba a yarda jirgi mai inji ya yi su a ciki ba. Mutanen da ke zaune a wurin, Imragen, su kaɗai aka bar wa kamun kifi, su ma da jiragensu na katako masu babban ƙyalle da iska ke turawa, waɗanda asalinsu daga masuntan tsibiran Kanari suka gaje su.

Na kwanta ina jin ruwa yana lasar bakin gaɓa. Da na farka da asuba, babu teku. Ya tafi. Iyakar ganina taɓo ne lulluɓe da wata gajeriyar koriyar ciyawa a kwance, ƙananan magudanai suna ƙyalli a tsakani. Sai kuma tsuntsaye. Ban san yadda zan kwatanta ba. Ka ga jan baki ya taso daga gonar gero? To, ka ninka, ka sake ninkawa, sannan ka sa su juya gaba ɗaya lokaci guda, garken ya yi baƙi, ya juya ya yi fari kamar an kaɗa mayafi. Ƙidayar da aka yi a 1980 ta ba da sama da tsuntsayen bakin ruwa miliyan 2 da ke cin hunturu a nan, daga arewacin Turai da Saberiya da Girinland. Ban da 'yan gida: kwasakwasa, zalɓe, filamingo mai jajayen ƙafafu, da wani fari mai baki kamar ludayi. A bakin busasshiyar ƙasa ƙaguwa ce dubbai, kowane namiji da ƙaton hannu ɗaya yana ɗagawa kamar mai gaisuwar sarki. Ga sawun dila ya bi gaɓa cikin dare yana kiwon abin da ruwa ya yar.

Aka ba ni takalmin roba mai kama ƙafa, irin na masu nutso, aka ɗora mini bokiti. Taku goma na yi na nutse har gwiwa. Da na zaro ƙafa sai wani wari ya bugo ni, na ruɓaɓɓen ƙwai sak, kuma taɓon da ya biyo ƙafata baƙi ne wuluk. Na toshe hanci. Ɗan yayata ya yi dariya ya ce, "Kawu, warin nan shi ne rabin karatuna."

Ga yadda aikin yake. Akwai wani bututu mai faɗi da ake dannawa cikin taɓo, a toshe samansa, a zaro shi da curin laka a ciki. Sai a yanka saman curin, santimita 4, a ware shi daban da na ƙasa. Kowanne a zuba a rariya mai ido milimita 1, a durƙusa a bakin magudana a yi ta girgizawa har laka ta tafi. Abin da ya saura, saiwar ciyawa da tsutsotsi da 'yan kumba, a juye a leda, a rubuta lamba. A duba na'urar nuna wuri, a taka zuwa wuri na gaba, a sake. Tun safe har ruwa ya fara dawowa, kuma in ya tashi dawowa a wannan shimfiɗaɗɗen fili ba ya sallama. Da yamma a zauna a tasha a auna kowace kumba da ma'auni, ɗaya bayan ɗaya. Wata Baturiya 'yar Holand da ke jagorantar ɓangarenmu ta fi ni shekaru, amma ta fi ni sauri a taɓo nesa ba kusa ba. Mutanen cibiyar binciken teku ta ƙasarsu, NIOZ, sun shafe shekaru da dama suna dawowa wannan wurin.

A rariyata ta uku ya tsinto wata 'yar kumba fara, zagayayya, ba ta wuce farcen ɗan yatsa ba. Ya ɗora mini a tafin hannu ya ce sunanta Loripes, kuma ba don ita ba da ciyawar nan ba ta rayu ba. Matattun ganyen ciyawa suna taruwa a laka su ruɓe inda iska ba ta shiga, ruɓewar ta haifar da wannan iska mai wari, dangin farar wuta, wadda guba ce ga saiwar ciyawar kanta. Ita kuwa kumbar tana ɗauke da wasu ƙwayoyin bakteriya a jikinta da abincinsu ke nan. Su cinye gubar, su ciyar da kumba, ciyawa ta samu lafiya, ita kuma ta riƙa sako musu iskar shaƙa ta saiwarta. An wallafa wannan binciken a 2012, kuma a nan Bank Dargin aka yi wani ɓangare nasa. Na sake shinshina hannuna. Ruwa ba ya tsami banza.

Amma me ya sa ake ware santimita 4 na sama? Amsar sai da dare na same ta.

Ana kama tsuntsu ne a daren da babu farin wata, lokacin da ruwa ya cika ya koro su zuwa gaɓa. An kafa raga siririya kamar gashi a kan sanduna tun da rana. Wajen ƙarfe biyu muka shiga ruwa har ƙugu, ba fitila, ga sanyi mai shiga ƙashi. Duk wanda ya ce maka ba a sanyi a Sahara, bai kwana a bakin tekunta ba. Aka kwance tsuntsayen a hankali aka sa a akwatunan yadi, muka koma tanti. Can aka miƙo mini guda, aka nuna mini yadda zan sa wuyansa tsakanin yatsu biyu. Toka-toka ne, bai wuce kurciya ba, ba shi da wani kyan da za ka waiwaya. Zuciyarsa tana bugawa a tafina da sauri kamar agogon hannu. 'Yan Holand suna ce masa kanut. A yankin Taimir yake ƙyanƙyashewa, can ƙarshen arewacin Rasha, ya yada zango a tekun Wadan da ke gaɓar Holand da Jamus da Denmak, sannan ya miƙo nan. Tafiyar ta kusa kilomita 9,000. Wanda ke hannuna ɗan bana ne, watanninsa ba su fi shida ba, kuma iyayensa sun riga shi tasowa, ba wanda ya nuna masa hanya.

Aka auna nauyinsa da fiffikensa da ƙafarsa. Da aka zo kan baki, sai na ga Baturiyar ta sake aunawa, ta faɗi lambar a hankali, mai rubutu ya ɗago kai. Bakin kanut yakan kai santimita 3 da rabi. Na wannan ya gaza.

Ɗan yayata ya yi mini bayani da raɗa. A Taimir ƙanƙara tana narkewa da wuri yanzu, kusan rabin yini kowace shekara, wanda cikin shekara 30 ya tara mako biyu. Ƙwarin da 'yan tsakin ke ci suna fitowa da narkewar ƙanƙara, su yi yawa su ragu kafin ƙwai ya fashe. Ɗan tsakon da bai ƙoshi ba yakan tashi ƙarami, da gajeren baki. A can ba ya ganin illar. Sai ya iso Muritaniya. Loripes tana binne da ɗan zurfi, mai dogon baki ya kai gare ta, ya haɗiye ta ɗungurungum ƙundunsa ya niƙe. Mai gajeren baki ba ya kaiwa, sai ya koma cin saiwar ciyawa, wadda ba ta riƙe ciki. Dalilin ware santimita 4 na sama ke nan, don nan ne iyakar inda baki ke kaiwa. Binciken da Jan van Gils da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna cewa irin waɗannan su suka fi mutuwa kafin shekara ta zagayo. Ita ma Loripes ɗin ba a cika mata ciki, in ya ci da yawa gubar takan sa shi zawo. Shi ya sa za ka ga mutum da digirin digirgir yana bin taɓo da cokali yana kwasar kashin tsuntsu, don a ɓarɓashin kumbar da ke ciki ake gane abin da ya ci.

Gaskiya da na fara ganin wannan kwasar kashin, cewa na yi a raina Turawa ba su da aikin yi. Daren nan na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba shi ne, har yanzu yawancin kayan aiki da kuɗi da manyan ɗakunan gwaji daga waje suke zuwa, alhali taɓon na Afirka ne. Ma'aikatan gandun 'yan ƙasa suna ƙidaya, sun san tsuntsayen nan kamar yunwar cikinsu, akwai ɗalibai kuma masu tasowa. Amma da sauran tafiya.

Aka sa wa nawa zobba masu launi a ƙafa, ja da fari da kore, jerin da babu wani tsuntsu mai irinsa, yadda duk wanda ya hango shi da madubin hangen nesa zai san shi ne. Gari na wayewa na buɗe hannu. Ya ɗan tsaya kamar bai yarda ba, sannan ya tafi.

Kwana biyu bayan haka muka shiga jirgin Imragen zuwa wajen tsibirin Tidra. Mai jirgin dattijo ne siriri da rawani shuɗi, ba taswira ba na'ura, launin ruwa kawai yake karantawa. Sau biyu cikin jirgin ya gogi ƙasa, yaransa suka dira suka tura. Wannan rashin zurfin ne ya ci jirgin yaƙin Faransa mai suna Meduz a watan Yulin 1816. Mutum kusan 150 aka ɗora a kan wani dandamalin katako, 15 aka tsinta da rai bayan kwana 13.

Da ɗan Larabcina na makaranta da taimakon wani ma'aikacin gandu na tambayi dattijon labarin da na sha ji, wai suna su tare da dolfin, dabbar teku mai kama da ƙaton kifi. Ya ce da gaske ne, ya gani da idonsa yana yaro. Idan garken kifin mulet ya biyo gaɓa zai yi kudu, mai gadi a kan tudu ya hango ruwa ya canza launi, sai mutum guda ya shiga ya riƙa dukan ruwa da sanda. Dolfin su ji, su taso daga zurfi su matso kifin zuwa gaɓa, maza su shiga da koma a kafaɗa su zagaye. Kowa ya samu rabonsa, mutum da dabba. Mata su shanya naman, su tafasa kawuna su fitar da mai, ƙwan kuma a busar da shi a kai Turai. Na ce yanzu fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ɗan'uwa, dolfin yana nan. Kifin ne ba ya zuwa kamar da." Daga shekarun 1980 'yan kasuwa suka zo neman fiffiken kifin shak don kasuwannin Asiya, mutane suka karkata can, har aka hana wannan sun a 2003. Cikin irin kifayen da ke faɗawa komarsu ne masana suka gano wani mai faɗin kai, tsakanin shak da kifi mai shimfiɗaɗɗen jiki, da ba a taɓa rubuta shi a ilimi ba sai 2016, aka raɗa masa sunan Muritaniya. Masuntan dai sun daɗe da saninsa.

A wani lungu muka tarar da abin da ban zata ba: bishiyoyi a tsaye cikin ruwan gishiri, gajeru, saiwoyinsu sun tsattsago daga laka kamar ƙusoshi. Irin itacen nan na bakin kogi ne, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da teku, kuma a duk Afirka ta Yamma babu inda ya kai nan arewa. Ga shi ko rafi babu a wajen. Ɗan yayata ya ce saura ne, kogin ne ya tafi ya bar su. A 2003 wani jirgin binciken Jamus mai suna Meteor ya gano wani ƙaton kwazazzabo a ƙarƙashin teku daura da Ras Timiris, tsawonsa kusan kilomita 400, yana lanƙwasa kamar hanyar kogi. Kwazazzabo irin wannan sai da kogin da ya ciyar da shi. A 2015 masana suka duba hotunan wani tauraron ɗan'adam na Jafan mai leƙa ƙarƙashin yashi, sai ga gadon kogin a binne, an bi shi kilomita 500 ya nufi wannan gaɓar. Ruwansa daga duwatsun Hoggar da Atlas yake tasowa, kuma ya gudana har wajen shekaru 5,000 da suka wuce. Sunan da aka ba shi Tamanrasat. Na yi dariya ni kaɗai. Duk wanda ya san masu bin hanyar Agadas zuwa Aljeriya ya san ba ruwa ake tunawa ba in an ambaci wannan sunan. A gaɓa kuma ga tuddai na kumba zalla, wasu sun yi tsawon da sai ka gaji da tafiya a kansu, ragowar abincin mutanen da suka zauna nan lokacin da kogin ke da rai.

Nuwadibu ba mu daɗe ba. Gari ne na kifi da ƙarfe, inda jirgin ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 2 ke sauke tama daga Zuwerat, tafiyar kilomita 700. Arzikin kifin daga iska yake. Iskar arewa tana ture ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi mai cike da taki ya taso ya maye gurbinsa, ƙananan halittu su yi yawa, kifi ya biyo. A daidai nan abin ba ya yankewa duk shekara. A bakin tasha na ga ma'aikatan IMROP, cibiyar binciken teku da kamun kifi ta ƙasar, da allon awo suna auna yaboyi, wani kifi dangin sadin, ɗaya-ɗaya. Wani ya fasa kan kifi ya zaro wani ɗan farin dutse kamar ƙwayar shinkafa daga kunnensa, ya ce a jikinsa ake ƙirga shekarun kifi, zobe-zobe kamar na kututturen itace. Da irin wannan awon ake yanke lokacin da za a rufe kamun oktofus, mai hannu takwas ɗin nan, don ya samu ya hayayyafa. Da shi kuma aka daɗe ana gargaɗin cewa yaboyi ya sha kamu fiye da kima. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, hancinka ma zai gaya maka: masana'antun da ke niƙa kifi ya zama garin abincin dabbobi da kifin kiwo a ƙasashen waje. Kilo 4 zuwa 5 na kifin da talaka zai ci ake narkarwa a samu kilo 1.

Ranar ƙarshe muka je Ras Nuwadibu, inda ƙasa ta ƙare a kan wani dogon gaɓar dutse mai laushi da igiyar ruwa ta rarake ta yi koguna. A kogunan wannan gaɓar ne mafi girman garken wata dabbar teku da ake kira sil ta Bahar Rum yake. Ba ayu ba ce, ko da yake mai kallo daga nesa zai iya rantsewa. Duk duniya ba su kai 1,000 ba. A 1997, cikin wata biyu, kusan kashi biyu cikin uku na garken nan suka mutu, saura wajen 100. Har yau masana ba su gama daidaitawa ba ko guba ce daga tsiron ruwa ko cuta. Masu kula da su, 'yan ƙasa da 'yan Sifaniya, suka hana sa koma kusa da kogunan, suka kafa kyamarori, suna gane kowane jariri da farin tabon cikinsa. Yanzu sun haura 300. Ba a kai baƙo kogunan haihuwa. Mun zauna a kan dutse awa uku iska tana dukanmu, sai can wani baƙin kai mai gashin baki ya ɓullo bayan igiyar ruwa, ya dube mu, ya nutse. Ko hoto ban samu ɗauka ba.

Hunturun da ya biyo baya ɗan yayata ya koma Iwik, ni ban koma ba. Da ya samu waya na tambaye shi ja da fari da kore. Ya ce sun yi mako uku suna duba ƙafafu, sun karanta zobba da yawa, ba su gan shi ba.

Na ce, "Ya mutu ke nan."

Ya ce, "A'a, Kawu. A takarda 'ba a gani ba' muka rubuta. Filin da faɗi. Baɗi za mu sake dubawa."